Sifesan ɗaga Hilux: mai kaurin milimita 25 ya isa

Sifesa zobe ne da ake ɗorawa a kan shokozoban gaba, tsakaninsa da shasi, don gaban mota ya tashi. Wanda muke magana a kai shi ne na alminiyum mai kaurin milimita 25, na Hilux Vigo da Revo, wato waɗanda suka fara daga ƙirar 2005. A cikin kwalin akwai zobe biyu da notinansu, wani lokaci har da dogon shakul na baya, wato ƙarfen da ke rataye ganyen sifirin a jikin shasi. Mai tsohuwar Hilux ta kafin 2005 kada ya ɓata kuɗinsa, gabanta ba irin wannan ba ne.

Inda masu saye suka fi ruɗewa shi ne awo. Kaurin zoben ba shi ne tsayin da motar za ta ƙara ba. Shokozoba yana zaune ne a wajen tsakiyar hannun ƙasa (ƙarfen da ke riƙe da taya ta ƙasa), ba a bakin taya ba, saboda haka milimita 25 kan ɗaga mota kusan 45 zuwa 50. Wanda ke son inci biyu ya sayi zobe mai kaurin inci biyu, zai tashi da kusan huɗu, daga nan kuma sai asara. Hannun sama zai riƙa dukan sifirin duk lokacin da taya ta faɗa rami, boljoyin ya kai ƙarshen juyinsa, shaf ya karkace fiye da kima. Robar shaf ce ke fara tsagewa, giris ya tarwatse a cikin taya, rairayi ya shige. A hanyoyin ƙauyukan Tangaza, Gada ko Gudu, ba a daɗewa za ka fara jin ƙas-ƙas idan ka murɗa sitiyari.

Na alminiyum ya fi na roba nesa ba kusa ba. Robar mai araha takan lotse ko ta tsage, balle a zafin Sakkwato da ke haura digiri 40 a watan Afrilu. Ka riƙe zoben a hannu ka duba: wanda aka yanko da inji sumul yake, na zubi kuwa za ka ga ƙananan ramuka a jikinsa, ka bar shi. Kusoshin su zama masu hatimin 10.9, wato lambar ƙarfin kusa.

Ɗaurawa ba ta da wuya, wannan nau'in ba sai an matse sifirin ba. Kafin a sa jak, a auna daga tsakiyar taya zuwa bakin fenda a duk tayoyin huɗu, a rubuta. Noti uku ne ke riƙe da kan shokozoba. Kuskuren da ake yawan yi a gareji shi ne ɗaure kusar ƙasan shokozoba tamau mota tana rataye. Sai an sauke ta ƙasa ake ƙarasa ɗaurewa, in ba haka ba bushin ya murɗe ya yage. A duba tiyon birki da wayar ABS (na'urar da ke hana taya ƙullewa in an taka birki) kada su ɗame. Alaimen dole ne ran nan, sannan a sassauto fitilun gaba, a sake bin notinan bayan kilomita 500.

Akwai abin da sifesa ba ya yi, kuma ya kamata mai shago ya faɗa. Ba ya ƙara wa mota ƙarfin ɗaukar kaya. Mai lodin buhunan albasa daga Goronyo, in bayan motarsa na zama, ganyen sifirin yake buƙata. Shokozoban da ya mutu ma zobe ba ya tashe shi. Aksul ɗin baya kuma yana nan inda yake, taya kaɗai ke ɗaga shi: daga 265/65R17 zuwa 265/70R17 ana samun kusan milimita 13.

Ga mai son gaban Hilux ya daidaita da baya, farantin ƙarƙashin inji ya daina shara a tudun rairayi, wannan kayan ya ci kuɗinsa. Wanda ke son fiye da milimita 50, ya tanadi kuɗin sabon hannun sama da dogayen shokozoba.