Kano zuwa Legas: jirgi kai tsaye ko a yada zango a Abuja?

Daga filin jirgin saman Malam Aminu Kano zuwa na Murtala Muhammed da ke Ikeja, tazarar ta sama kusan kilomita 830 ce. Jirgin da ya tafi kai tsaye kan ci awa ɗaya da rabi, daga tashi zuwa sauka.

Idan ta Abuja za a bi, Kano zuwa Abuja kimanin kilomita 360 ne, tafiyar da ba ta cika wuce awa ɗaya ba. Daga nan zuwa Legas kuma kusan kilomita 510, awa ɗaya da 'yan mintuna. A lissafin nisa bambancin kaɗan ne, domin Abuja kusan a kan hanya take. Wahalar tana filin jirgin Abuja, bayan an sauka. Idan tikiti biyu ka yanka a kamfanoni daban, sai ka jira kayanka, ka sake bin layin awo da na bincike. Jirgin farko ya makara, na biyu ba ruwansa, kuɗinka na iya bin ruwa. Ka bar aƙalla awa uku tsakaninsu, abin da ke mai da tafiyar ta awa biyar ko fiye.

Kai tsaye ya fi, sai dai jiragensa ba su kai na Abuja zuwa Legas yawa ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuwa hazo kan hana jirage sauka da tashi a Kano, kuma bi ta Abuja ba ya maganin wannan, tunda dai daga Kanon za ka tashi.