EasyCAP a kan tsohuwar kwamfuta: tana aiki, amma sai an bi ta a sannu

EasyCAP 'yar na'ura ce mai kama da filashi, da igiyoyi huɗu: ruwan ɗorawa ta hoto, fara da ja na sauti, sai baƙa ta S-Video. Da ita ake kwashe tsofaffin kaset na biki ko walimar sauka zuwa kwamfuta. Tana da araha, kuma ga kaset ɗin VHS hotonta ya wadatar. Abin da ake kuka da shi shi ne kwamfuta ta daskare ko ta mutu ana tsakar ɗauka.

Babban aibin EasyCAP: suna ɗaya, kwali ɗaya, amma kayan cikin sun bambanta, kuma direban da ke faifan cikin kwalin, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'urar, ba lallai ya dace ba. Direban da ba nata ba shi ke yawan jawo shuɗin allo. A buɗe Device Manager na Windows a duba Hardware Ids na na'urar, wato lambobin da ke nuna kayan cikinta. In an ga VID_05E1, STK1160 ce, in kuwa VID_1B71 ne, UTV007 ce. Direban wannan lambar kaɗai za a sa.

Sauran matsalolin nauyin bidiyon ne ke kawo su. Kaset ɗinmu na PAL ne, tsarin talabijin ɗinmu, mai girman hoto 720x576, hoto 25 a daƙiƙa. Ɗanyensa, wato wanda ba a matse ba, yana cin kusan MB 20 a daƙiƙa, wajen GB 75 a awa. Faifan da aka tsara da FAT32, tsohon tsarin ajiyar fayil, ba ya karɓar fayil da ya wuce GB 4, shi ya sa ɗauka ke katsewa bayan minti uku da 'yan kai. A koma tsarin NTFS. A soka na'urar kai tsaye jikin kwamfuta, ban da hub mai raba ramin USB, kuma kada a ajiye bidiyon a hadis (hard disk) ɗin waje mai USB, domin su biyun za su yi ta rububin hanya ɗaya, hotuna su riƙa zubewa, murya ta riga baki.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne matse bidiyo zuwa H.264, tsarin da ke rage girman fayil sosai, a lokacin ɗauka. Wannan kaya ya yi wa tsohuwar furosesa irin Core 2 Duo nauyi. A ɗauka da manhajar VirtualDub a kan kodek ɗin Huffyuv ko Lagarith, wato manhajoji masu rage girma ba tare da taɓa ingancin hoto ba, kuma in VirtualDub 32-bit ce, kodek ɗin ma ya zama 32-bit. Bayan an gama sai a matse da manhajar HandBrake. Mai Windows 32-bit ya nemi HandBrake 1.0.7.

In kwamfutar na kashe kanta ana cikin matsewa, zafi ne. A buɗe ta a hure ƙurar hunturu da ta toshe fanka, a sauya man da ke kan furosesa. Mai destof kuma ya haɗa UPS, don ɗaukewar wuta na iya lalata fayil ɗin bidiyo na AVI da ba a rufe ba.

Ga mai kaset goma ko ashirin a gida, EasyCAP ta cancanci kuɗinta. Mai shagon da ke wannan aiki kullum ya nemi wadda ta fi ta ƙarko.