Yawon cocin ƙauyen Sara da ɗan rakiya: kuɗina bai tafi a banza ba, amma ina da ƙorafi

Duk wanda zai je yankin Bask, wanda ke kan iyakar Faransa da Sifaniya, ta ɓangaren Faransa, in ya isa ƙauyen Sara (Sare a rubutun Faransanci) ya daure ya biya ɗan rakiya kafin ya shiga cocin San Martan. Shiga cocin kyauta ne, ba mai tare ka a ƙofa, dama a Faransa yawancin coci-cocin da aka gina kafin dokar 1905 mallakar hukumar gari ne. Rakiyar ce ake biya, yuro kaɗan, kuma gaskiya in ka shiga kai kaɗai katako da dutse kawai zaka gani ka ɗauki hoto ka fito baka fahimci komai ba.

Daga waje ginin bashi da wani ƙyale-ƙyale, bango ne mai kauri da hasumiya mai hawa biyar, murabba'i, kaman an gina ta don tsaro. A jikin agogon hasumiyar akwai rubutu da yaren Bask mai cewa kowace sa'a tana yiwa mutum rauni, ta ƙarshe kuma ita ke kai shi kabari. Gobara ta taɓa cin hasumiyar a 2003 aka sake gyara ta. Wannan ɓangaren matar da ta raka mu ta wuce shi da sauri kuma banga laifinta ba, abun kallon yana ciki.

Kana shiga zaka ga ɗaki guda ƙato ba ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya, sai baranda ta katakon oak hawa uku da ta zagaye bangon, baƙi wuluk saboda tsufa. Ta ce yawancin abun da muke gani aikin ƙarni na 17 ne, lokacin mutanen Lapurdi, lardin Bask da Sara ke ciki, sun ƙaru, masara ta zo daga Amurka, ga kuɗin kamun kifi a teku, cocin ya yiwa jama'a kaɗan, maimakon a rushe a sake gini sai aka ɗaga bangon aka jera baranda sama da sama. Maza ke hawa can. Mata kuma a ƙasa, kuma a nan ne rakiyar ta biya kuɗinta wallahi, don ni da farko benci kawai nake gani, sai da ta sa muka sunkuya muka duba daɓen. Akwai faffaɗan duwatsu da ake kira jarleku, kowane gida da nashi, a da nan ake binne mamatan gidan kafin sarkin Faransa ya hana binnewa cikin coci a 1776. Uwargida ce ke zama a kan dutsen gidanta ta kunna kyandir don waɗanda suka rigaye ta, ba mai zama wajen wata. Abun da ya fi ɗaure min kai shine dutsen na gida ne bana mutum ba, in aka sayar da gidan to wajen zaman cikin coci ya bi sabon mai gida. Kenan in ka iya karanta daɓen nan ka karanta taswirar ƙauyen gaba ɗaya, wane gida ne babba, wane ne ya daɗe. Mutum zai zata an tura mata ƙasa ne don raini, alhali su aka barwa amanar matattu. Da za'a tsaya a nan kaɗai ma na gamsu.

Ta yi mana bayanin serora, matar da ke riƙe da makullin coci, tana kula da kyandir da tufafin bagade da kararrawa da al'amuran jana'iza, gidanta na kusa da coci. A 1609 alƙali Pierre de Lancre ya zo daga birnin Bordo da izinin sarki yana farautar mayu a Lapurdi, irin waɗannan matan har da limaman coci suna cikin waɗanda ya sa wa ido, an ƙone mutane da ransu. Muryarta ta canza da ta zo nan, ka san abun nasu ne ba haddar takarda ba. Sai kuma Axular, limamin cocin tun 1600, haifaffen Urdazubi can tsallaken iyaka a ɓangaren Sifaniya, wanda ya rubuta Gero aka buga a 1643, littafin da har yau masu rubutu da Bask ke ɗauka a matsayin ma'auni. A 1644 ya rasu, a cikin cocin nan kabarinshi yake.

To ga inda raina bai so ba. Lokacin yayi kaɗan sosai, kuma wani kaso mai yawa ya tafi a labarin 'yan fasa-ƙwauri na kan iyakar Sifaniya, labari ne mai daɗi amma kowane shago a ƙauyen zai baka shi. Maganar 1794 kuwa, lokacin juyin juya halin Faransa da aka kwashe mutanen Sara da na ƙauyukan Ainhoa da Azkaine da ke kusa aka kora su can arewa yankin Land bisa zargin basu da biyayya ga jamhuriya, da yawa basu dawo ba, wannan a jimla biyu ta gama shi muna tafiya zuwa ƙofa. Haba! Abun da ya taɓa kowane gidan da muka gama taka dutsenshi? Na biyu, komai da Faransanci ne, wasu baƙi a ƙungiyarmu sai gyaɗa kai suke, ko 'yar takarda ta wani yare babu. Na uku ba'a barmu mun hau baranda ba ranan, kuma ba'a faɗa mana ba kafin mu biya, ni kuwa naso na ga bagaden daga sama yanda mazan ke ganinshi.

Maƙabartar da ke zagaye da cocin ma a gurguje muka bi ta, duk da akwai hilarri, duwatsun kabarin nan masu kai zagayayye da zanen rana da gicciye. Bayan an sallame mu na koma na duba su a natse, ku ma kuyi haka, ba'a biyan komai.

Shawarata ku je da safe kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su sauko daga jirgin ƙasan dutsen Larrun, ku tambaya tun a waje ko baranda a buɗe take, ku kuma duba lokacin addu'a don cocin yana aiki har yanzu, mutanen gari na shigowa ibada, a rage murya a cire hula. In da hali ku nemi ranar da mawaƙan Bask zasu yi waƙa a ciki, katakon nan yana riƙe murya yanda ba'a buƙatar lasifika. Tauraro huɗu na ba rakiyar cikin biyar, ɗayan ya tafi ne saboda 1794.