Mai zanen da ya yi mana bangon makaranta

Na ƙi cewa komai a kan aikin nan sai da damina guda ta bi ta kansa, don fenti ba a yabonsa ranar da aka shafa.

Ni ke koyar da kimiyya a firamaren ƙauyenmu, nan yankin Kirikasamma. Da iyayen yara suka yi karo-karo don a gyara bangon azuzuwa uku, ni na kawo shawarar a kira wani saurayi daga Haɗeja, mai rubuta allon shaguna da zane a bayan manyan motoci. Muka yi ciniki a kan naira dubu 90, fenti nasa, abinci da wurin kwana namu. Abin da na nema shi ne rana da duniyoyi takwas da ke zagaya ta, a ƙasa kuma fadamarmu.

Tun ranar farko na gane ba mai kwafa ba ne kawai. Ya tsaya da alli a hannu ya ce, "Malam, in na yi Duniya kamar ƙwayar gero, rana fa yaya za ta zama?" Muka zauna a gindin darbejiya muka buga lissafi. Faɗin rana ya ninka na Duniya sau 109, wato ƙaramar ƙwarya ke nan. Tazarar kilomita miliyan 150 da ke tsakaninsu kuwa ta koma mita ashirin da 'yan kai, kusan tsawon bangon gaba ɗaya. Sai ya ja zare daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya zana ƙwaryar rana a gefe guda, ya ɗiga shuɗin fenti da tsinken ashana a ɗaya gefen. Shekara goma sha ɗaya ina rubuta wannan lamba a allo, yara na haddacewa kamar karatun aku. Yanzu takawa suke yi daga ƙwarya zuwa ɗigo suna ƙirga taku, in sun isa sai su tsuguna suna neman Duniya. Wannan layin kaɗai ya biya kuɗin.

Manyan zanukan suna sama, kuma Zara ce ta fi jawo gardama. Wani dattijo ya ce shi dai tun yana yaro Zara matar wata ce, tauraruwa ce, yaushe ta zama duniya? Na ce, "Baba, ita ce ma gamzakin da kuke gani da asuba." Ya yi salati ya wuce. Mai zanen ya lulluɓe ta da hazo ruwan ɗorawa mai kauri, don na gaya masa iskar kabon da ta rufe ta ce ke riƙe zafi har ya haura digiri 460, ta fi ma duniyar da ta fi kowace kusa da rana zafi. Daidai ƙarƙashinta ya zana buhunan gawayi da kututturen bishiya, bai rubuta ko kalma ɗaya ba. Wannan dabararsa ce, ba tawa ba.

Fadamar ma ta yi kyau. Ga kacala ta toshe bakin ruwa yadda muka santa, ga kwalekwale a maƙale, ga gawo da ganyensa shar a tsakiyar rani. Liman ya roƙi kada a zana mutum, muka amsa. Tsuntsayen da ke zuwa dausayin Baturiya daga Turai lokacin sanyi sai ya yi su baƙaƙe kamar inuwa, sun doshi faɗuwar rana, kuma sun fi kyau a haka.

To, ga inda muka saɓa. Kwana goma ya ce, sai da ya cinye sati huɗu, don a tsakiya ya ɓace ya tafi wani aikin ba ko sallama. Ya kuma sako Pluto a matsayin ta tara daga wani tsohon littafi, sai da na tuna masa tun 2006 masana taurari suka cire ta daga jerin, a taronsu na birnin Prag. Rubutunsa ba ƙugiya: ya sa "kasa" a inda ake nufin ƙasa, ni na bi da buroshi na gyara. Babban laifin shi ne jan fentin. Na ruwa ya saya maimakon na mai, ruwan Agusta ya wanke shi, Mars da ya kamata ta yi ja kamar tsatsa yanzu kalar koko take. Shuɗi da baƙi kuwa ko gezau.

Duk makarantar da za ta kira shi, ta sayi fentin da kanta, malami ya zauna kusa da shi, kuma kada a biya duka sai an gama. Mu mun riƙe masa dubu 10. Ya ce zai dawo ya gyara Mars bayan an gama yankan shinkafa, ga shi har an sheƙe an zuba a buhu.