Wincin batir ko na hannu: wanne ya dace da Hilux mai shiga fadamar Bunza?

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Na ga tambayar da ka kawo zauren nan. Ka ce Hilux ɗinka mai injin fetur 2.7 ce, gonarka ta shinkafa tana cikin fadama bayan Bunza a jihar Kebbi, kuma duk damina sai motar ta kafe har sai an nemo tarakta ko an tara matasa. Kana so ka san wace na'urar janyo mota da waya za ka saya: wincin da ake ɗaurawa a gaban mota mai aiki da batir, ko na hannu irin Tirfor. 'Yan'uwa da yawa sun ce maka na batir, don ya fi ƙarfi ya fi sauri, kuma gaskiya suka faɗa. Amma kafin a je batun ƙarfi, ina so ka tuna da wurin da motar take kafewa, ka tambayi kanka: a ina zan maƙala ƙugiya?

Winci ba ya jan mota haka kawai, sai ya sami abin da ya fi motar kafuwa a ƙasa. Hotunan da muke gani a intanet galibi na dazuzzukan Amurka da Ostireliya ne, inda ko'ina ka juya akwai bishiya. Fadamarmu kuwa, daga Argungu zuwa Kalgo, Bunza da Suru, shimfiɗaɗɗen fili ne na laka da ruwa. Sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga komai ba sai kunyar shinkafa da wata goriba can nesa. Wayar wincin batir ba ta cika wuce mita 25 zuwa 30 ba, ta Tirfor kuma yawanci mita 20 ce. Idan babu abin kamawa cikin wannan tazara, su biyun duk kaya ne kawai a mota. Bambancinsu yana fitowa ne wajen wanda zai ba ka damar neman makama ta kowace fuska.

Na batir a gaba yake, kuma gaba kaɗai yake ja. To mota idan ta kafe, yawanci da kai take faɗawa cikin taɓo, abin da ke gabanta ya fi wanda ke bayanta muni. Busasshiyar ƙasar da ka baro tana baya, sawun tayarka yana baya, kuma fitar da mota ta hanyar da ta shigo ya fi sauƙi saboda ta riga ta buɗe wa kanta hanya. Na hannu kuwa ba a ɗaure yake ba. Kana iya ɗaukarsa ka kai bayan mota ka ja ta da baya, ko ka kai shi gefe idan ta zame daga kan kunya ta karkata tana neman kifewa. Wannan kaɗai ya sa nake ganin ga mai shiga fadama shi ɗaya, na hannu ya fi amfani.

Yanzu ga batun ƙarfi, don kada a ce na kauce masa. Ƙa'idar da masu sayar da winci ke bayarwa ita ce a sayi wanda ƙarfinsa ya kai nauyin motar da kayanta sau ɗaya da rabi. Hilux idan ta yi lodi tana kusan tan 3, shi ya sa ake yawan sa mata mai lamba 9,500, wato fam 9,500, kimanin kilo 4,300. Sai dai wannan lambar ba ta tabbata sai an warware wayar kusan duka, ya rage layin farko a kan kwarkwaro, wato gangar da wayar ke naɗuwa a kai. Duk layin da ya ƙaru a kai, ƙarfin raguwa yake yi. Wanda ya warware mita biyar kawai ya fara ja, ba zai taɓa samun abin da aka rubuta a kwali ba. Kuma ko za a warware, a bar aƙalla naɗi biyar a kan kwarkwaron, don su ne ke riƙe da nauyin, ba ɗan notin da ya kama bakin wayar ba.

Tirfor, wanda kamfanin Tractel na Faransa ke ƙerawa, shi ba ya naɗe waya ko kaɗan. Wayar tana shiga ta baki ɗaya ta fita ta ɗaya, a ciki kuma akwai muƙamuƙai biyu na ƙarfe da ke karɓa-karɓa: wannan ya damƙe ya ja, wancan ya saki ya koma ya sake damƙa, kamar yadda mutum ke jan guga a rijiya hannu bayan hannu. Saboda haka ƙarfinsa ɗaya ne daga farkon waya har ƙarshenta. Matsakaicin, mai lambar tan 1.6, shi ya fi dacewa da mota irin taka. Akwai na tan 3.2, amma nauyinsa da na wayarsa sun yi wa mutum ɗaya yawa a cikin caɓi. Za ka ce tan 1.6 ai ya yi kaɗan. Haka ne, idan shi kaɗai ne. Shi ya sa dole ka haɗa da fuli, wato ƙaramin gargaren ƙarfe da waya ke bi ta kansa: ka maƙala fulin a jikin mota, wayar ta zagaya ta cikinsa ta dawo makama, sai ƙarfin ya kusan ninkawa, tafiyar kuma ta ragu da rabi. Fulin nan ko mai na batir bai kamata ya fita babu shi ba.

Sannan a sani, laka tana riƙe mota fiye da yadda ake zato. Lissafin da sojoji masu janyo motoci ke yi shi ne: idan tayoyi suka nutse ba su ɓace duka ba, ƙarfin da ake buƙata ya kai nauyin motar, idan taɓo ya rufe tayoyi, ya ninka biyu. Ke nan shebur yana rage wa winci aiki fiye da komai. A sauke kaya tukuna, buhu goma na taki rabin tan ne. A haƙe lakar da ta danne aksul da shasi, a share gaban kowace taya ta fuskar da za a ja, a rage iskar taya zuwa wajen 18 ko 20 a gejin auna iska, a sa giyar ogzilari ta L4. Idan tsohuwar Hilux ce mai makulli a tsakiyar tayoyin gaba, a tabbatar an murɗa su zuwa inda suke kullewa, don sau da yawa mutum yana zaton tayoyi huɗu ke ja alhali biyu ne.

Inda na batir ya yi wa na hannu fintinkau shi ne lokaci da gajiya. Abin da zai yi cikin 'yan mintoci kana tsaye da rimot a hannu, Tirfor zai ɗauke ka sa'a ɗaya ko fiye, domin kowane bugun sanda 'yan santimita kaɗan yake jawowa, idan aka sa fuli kuma rabin haka. A zafin Kebbi, ƙafa cikin ruwa, aiki ne na mutum biyu masu karɓar juna, ba na dattijo shi kaɗai ba. Kuma ban raina batun lokaci ba. Akwai hanyoyin da a halin tsaron da ake ciki ba wanda ke son magariba ta riske shi a kansu. Da ka ce min harkarka ta wajen Zuru ce, ko Danko-Wasagu da Sakaba, inda ƙasa ke da tudu da duwatsu ga itatuwa irin su kaɗanya da ɗorawa da marke, ko kuma kullum mota biyu kuke tafiya ɗaya ta zama makamar ɗaya, da na ce ka sayi na batir ba tare da dogon tunani ba.

Amma shi ma yana da sharaɗinsa: sai da wuta. Idan yana ja da iyakar ƙarfinsa yana iya zuƙar amfiya 400 ko fiye, alhali abin da altanetar Hilux ke bayarwa bai kai ko kusa da haka ba. Sauran duk daga batir yake fitowa. Don haka dole inji ya kasance a kunne, a ɗan taka totur, a ja na kusan minti ɗaya a dakata, a taɓa jikin wincin a ji. Idan hannu ba ya iya jurewa, a bari ya huce. To idan ruwa ya kashe injin a tsakiyar mashigi fa? Batirin ba zai daɗe ba zai faɗi, ka rasa winci ka rasa abin tayar da mota. Tirfor ba ruwansa da ko injin na aiki ko ya mutu.

Kuɗin na batir ma bai tsaya kan abin da ke cikin kwali ba. Ana buƙatar bamba ko farantin ƙarfe mai kauri da aka ɗaure da manyan notuna a kan shasi. Ina roƙonka kada ka yarda mai walda ya liƙa shi a jikin bambar da motar ta zo da ita, ko a wani siririn ƙarfe, domin ranar da aka ja da gaske, wincin ne zai fito ya bar motar. Sai riwaya da ya san aikinsa ya ja wayoyi masu kauri kai tsaye daga batir, ya sa makunnin da ke yanke wuta gaba ɗaya. Sai batir mai lafiya. Sai nauyin kilo 30 zuwa 40 da gaban mota zai riƙa ɗauka har a rani da ba a buƙatarsa. Ga kulawa: bayan kowace shiga taɓo a warware wayar a wanke a sake naɗewa a jere, a duba akwatin wutar ko ruwa ya shiga, a goge kawunan batir. Ko ba a kafe ba a riƙa kunna shi lokaci-lokaci, don wincin da ya kwana shekara ba a taɓa ba, ranar buƙata yake ƙin tashi. Masu igiyar roba maimakon wayar ƙarfe sun fi sauƙin ɗauka kuma sun fi aminci idan ta tsinke, amma yashi na cin ta daga ciki, rana na gasa ta, sai da wanki da rufewa.

Na hannu kulawarsa kaɗan ce: a wanke laka, a zuba man giya a cikin muƙamuƙan, a naɗe wayar ba tare da ta karye ba, don waya mai lanƙwasa ba ta wucewa ta ciki. Kuma wayarsa ta musamman ce, ba kowace ta kasuwa ke shiga ba. A gindin sandar akwai wasu ƙananan fil da aka yi su don su karye idan nauyi ya wuce kima. Idan suka karye, a sa irinsu, kada a maye su da ƙusa ko boli, kuma kada a ƙara wa sandar tsawo da bututu. Wani ɗan'uwa ya kawo shawarar cen bulok ɗin da kanikawa ke ɗaga inji da shi. Wannan na ɗagawa sama ne, sarƙarsa gajera ce kuma tana sarƙewa idan aka kwantar da shi.

Saura makama, wadda ita ce tushen maganar. Inda babu itace, tayar safaya ce za ta tsaya maka. Ka nemi wuri mafi bushewa a bayan mota, nesa gwargwadon tsawon waya. A haƙa rami da diga da shebur, zurfinsa ya kusa kai ƙugu, bangon da ke fuskantar mota ya zama a tsaye, har a ɗan rarake ƙasansa. A zura sarƙa ta tsakiyar rim a tokare ta ta bayan rim ɗin da ƙarfen kwance taya, a sa tayar a tsaye a jingine da bangon. Sai a yanka siririn lambatu daga ramin zuwa wajen mota don sarƙar ta kwanta ƙasa-ƙasa. Idan ta ɗago sama, tayar za ta tumɓuko ne. A mayar da ƙasa a tattaka sosai. A nan ma na hannu ya fi dacewa, domin a hankali yake ja, kana ganin ƙasar ta fara tsagewa za ka tsaya ka ƙara zurfi. Idan kuwa an dace da gawo ko darbejiya a bakin gona, a nemi izinin mai ita, a naɗa faffaɗan bel a can gindi. Waya tsirara tana yanke ɓawo ta kashe itacen. Giginya da goriba a jiƙaƙƙiyar ƙasa ba abin dogaro ba ne.

Ko wanne ka saya, kada a maƙala a ƙwallon jan tirela ko a ƙananan zobban da aka yi don ɗaure mota a kan babbar mota. Sukan ɓalle su tashi da ƙarfin da ke kisa. A sa maƙali na gaske a shasi gaba da baya, da shakul, wato lanƙwasasshen ƙarfen haɗi da ake rufe bakinsa da fil, mai lamba a jiki, tan 3.25 ko 4.75. A ɗora buhu mai ɗan nauyi ko tsohon bargo a tsakiyar waya, a sa safar hannu ta fata, kada kowa ya tsallaka waya tana ɗaure. Yaran da ke taruwa kallo a kore su nesa, fiye da tsawon wayar.

Don haka, Alhaji, a matsayinka na mai shiga fadamar Bunza da mota ɗaya da yaran gona biyu ko uku, ka fara da Tirfor na tan 1.6 ko makamancinsa mai inganci, da fuli ɗaya, shakul uku, bel, gajeriyar sarƙa, ƙarin igiyar ja ta mita 20, shebur, diga, da famfon mayar da iska. Kafin ruwan Agusta ya sauka, ka kai motar wani fili ku gwada binne tayar da ja da baya sau ɗaya, don yaran su san inda kowane ƙarfe ke shiga.