Yaron Zoo Road da ya wanke mana shafi daga linkin banza

Salam jama'a. Shagona a Kantin Kwari yake, atamfa da shadda da leshi, kuma muna da shafin intanet saboda kwastomomin Abuja da Kaduna. Bara wani ya zo min da daɗin baki wai zai sayo mana linki barkatai daga wasu shafuka mu hau saman Google, na biya, wallahi ko wata biyu ba a yi ba muka ɓace ɓat, ko sunan shagon ka rubuta sai ka gaji da gangarawa kafin ka gan mu.

Ƙanina ne ya haɗa ni da wani yaro mai ɗan ofis a Zoo Road. Ban zata zai iya ba gaskiya, ɗan ƙarami ne. Yana zama ya buɗe Search Console, wato inda Google ke nuna wa mai shafi halin da shafinsa ke ciki, ashe Google ta daɗe da ajiye mana saƙon hukunci a ciki kan linkin da aka saya, ba wanda ya taɓa dubawa. Ya sauko da jerin shafukan da ke nuno mu, abin kunya, shafukan caca, na maganin maza, wasu da rubutun Rashanci, me ya haɗa su da shadda?

Abin da ya burge ni shi ne bai bi na'ura ido rufe ba. Ya sa jerin a Semrush, wata manhajar tantance linki, ta yi wa da yawa jan fenti alamar masu cutarwa ne, sai ya ce "Alhaji wannan jan ra'ayin Semrush ne, ba hukuncin Google ba", ya dinga buɗe su ɗaya bayan ɗaya. A ciki har da ɗan shafin wata amarya da ta yabi kayan lefen da aka haɗa a wajenmu, shi ma an sa masa ja, ya ce wannan ai alheri ne, a bar shi.

Sauran ya fara tura wa masu shafukan saƙo su cire, yawanci ko amsa babu, sannan ya rubuta fayil ɗin barranta, wato jerin linkin da muke so Google ta daina lissafa mana, ya ɗora wa Google, ya kuma roƙi a sake duba mu. Ya ce tun 2012 aka fito da wannan hanyar, shekarar da Penguin, tsarin Google na tace linkin banza, ta fara kama masu sayen linki, amma daga 2016 Google kan share tarkacen da kanta, wanda bai sayi komai ba kuma ba shi da hukunci kar ya ɓata kuɗinsa. Mu da muka saya da hannunmu dole ta sa.

Inda ya gaza, ɗaukar waya. Sai ka kira sau uku ya ce yana lakca. Rahoton ma da Turanci zalla ya kawo, sai da na zaunar da shi bayan la'asar ya warware min da Hausa.

An ɗage hukuncin bayan 'yan makonni, ba mu koma matsayinmu na da ba tukuna, amma jiya wata Hajiya daga Kaduna ta kira ta ce a Google ta ga leshinmu.