Zenodo ga Masu Bincike a Kumasi: Rumbu Nagari, Amma Ba Mai Tantance Kaya

Kundin digiri na biyu ko na uku a KNUST, Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi, yana da wurin zuwa, wato KNUSTSpace, rumbun intanet na jami'ar. Ɗanyen bayanan da aka gina kundin a kansu kuwa, amsoshin tambayoyi da teburan lissafi da muryoyin hira, galibi a filas suke kwana har ranar da zai lalace. Nan ne Zenodo, rumbun intanet na ajiye kayan bincike, yake da amfani.

Cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke Jeneba ce ke kula da shi tun 2013, kuma ko pesuwa ba a biya. Ajiya ɗaya tana ɗaukar gigabait 50. Ka shiga da lambarka ta ORCID, wato lambar shaidar mai bincike, ka loda fayiloli, ka cike suna da bayani, ka zaɓi lasisi irin CC BY, mai ba kowa damar amfani da kayan in ya ambaci sunanka, ka wallafa. Nan take za a ba ka DOI, adireshin dindindin da mujallu ke karɓa. Ana ma iya kama lambar tun kafin wallafawa, a sa ta cikin kundi kafin a kai ɗauri. A nan ba shi da abin zargi.

Rauninsa shi ne babu mai buɗe kayanka ya duba. Abin da ka zuba, shi duniya za ta kwasa.

Wanda ya yi hira da Hausa a Zango ya kula da haruffa masu lanƙwasa. Idan aka adana teburin Excel a matsayin CSV na yau da kullum, wato fayil mai zallar rubutu, ƙ da ɗ da ɓ sukan koma alamar tambaya, "ƙasa" ta zama "?asa". Zaɓi CSV UTF-8, sannan ka sake buɗewa ka gani da idonka. Fayil ɗin SPSS, manhajar nazarin alƙaluma, shi kaɗai ma bai wadatar ba, domin ba kowa ke da lasisin manhajar ba. Ajiye CSV kusa da shi, da takarda mai fayyace kowane ginshiƙi: me 1 ke nufi, me 2, kuma 99 shekaru ne ko rashin amsa.

Mafi nauyi shi ne sirrin mutane. Goge suna kawai ba ya ɓoye kowa. A Aboabo ko Asawase, in ka rubuta unguwa da sana'a da shekaru daidai, ka ce ungozoma mai shekara 62, rabin layin sun san wa ake nufi. Mayar da shekaru rukuni, 60 zuwa 69, ka faɗaɗa unguwa zuwa gunduma. Muryoyi kuwa a kulle su, sai wanda ya nemi izini, kuma Zenodo yana da wannan zaɓin. Dokar kare bayanai ta Gana ta 2012, mai lamba 843, tana kanka, kuma in takardar amincewa da aka sa wa hannu ba ta ambaci rabawa ba, kada ka saki.

Dumso, wato ɗauke wutar lantarki, da raunin intanet kan katse babban lodi, don haka raba kayan gida-gida a ƙananan zip. Gyaran fayiloli daga baya galibi ana yin sa ne da sabon juyi mai DOI nasa, tsohon yana nan ana ganinsa. Wanda bai saba ba ya fara gwada hannu a shafin gwajinsu, Sandbox, inda lambar da ake bayarwa ba ta gaske ba ce.